Kafin Ka Zaɓa Wa Ɗanka Jami'ar Karatun Kwamfuta

Jama'a, duk lokacin da aka buɗe rajistar JAMB sai ka ji iyaye ana ta muhawara: ABU ko BUK? Ko a kai yaro Minna, ko Bauchi, ko a rufe ido a biya kuɗin jami'a mai zaman kanta? Ni a ganina, idan kimiyyar kwamfuta yaro zai karanta, girman sunan jami'a ya kamata ya zo daga baya. Tambaya ta farko ita ce: a ina zai zauna shekara huɗu yana rubuta manhaja da hannunsa?

Wannan fanni ba a iya shi da haddar handawut. Kamfanin da zai ɗauke shi aiki, a Legas yake ko a Turai, gwaji zai ba shi, ya ce ya nuna abin da ya taɓa ginawa. Don haka kafin ka cike fom, je sashen da ƙafarka. Ka tambayi ɗaliban aji uku: akwai wuta da intanet a ɗakin kwamfuta? Mutum nawa ne a aji? Ina ake tura su aikin SIWES, wurin da ake gina manhaja ko ofishin da za su wuni suna fotokwafi? Ɗalibai za su faɗa maka abin da ba ya cikin takardar talla.

Na biyu, ka tabbata NUC ta amince da kos ɗin. Kuma ka duba sunansa da kyau, domin yanzu an rarraba fannin: akwai kimiyyar kwamfuta, injiniyancin manhaja, tsaron intanet, da kimiyyar bayanai. Yaron da lissafi ke ba shi wahala zai sha wuya a kimiyyar kwamfuta, domin lissafi ne ginshiƙinta.

Na uku, damar samun gurbi. A jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. Yaro mai matsakaicin maki da ya nace sai Zariya ko Kano yana iya zaman gida shekara guda, alhali da Dutse ko Wudil ya zaɓa wataƙila da tuni ya fara karatu.

Masu cewa gara jami'ar kuɗi suna da hujja, ba na musu. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Wanda yake da hali, bismillah. Amma ma'aikacin da zai sayar da fili ko ya ci bashin banki don kuɗin makaranta, sannan ya kasa saya wa yaron laftof, wallahi bai yi lissafi ba. Gara jami'ar gwamnati, ga laftof mai kyau, ga kuɗin data duk wata. Ɗaliban jami'o'in gwamnati ma suna iya neman rancen NELFUND.

Sannan a zauna da yaron a ji ta bakinsa, domin shi zai kwana gaban kwamfutar. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu zaɓin alheri.