Hutu a Bakin Bahar Rum: Mu Yi Ƙyashi Ne, Ko Mu Yi Tir?



Kowace shekara, daga watan Yuni zuwa Satumba, wasu irin hotuna sukan cika Facebook da Instagram. Abokai biyu ne, kowanne da jakar goyo a bayansa. Yau suna cin abinci a tsaye a wata kasuwa ta Italiya, gobe suna zaune a kan rairayi a bakin Bahar Rum, ƙafafunsu a cikin ruwa. Wasu Turawa ne, wasu kuwa 'yan'uwanmu ne da suke karatu ko aiki a can. Da zarar irin wannan hoto ya shigo hannunmu sai kanmu ya rabu biyu. Wani ya ce almubazzaranci ne da son duniya. Wani ba zai ce kome ba, amma zai kwana yana tambayar kansa me ya sa rayuwarsa ba haka take ba.

Ra'ayinmu shi ne, dukan ɓangarorin biyu hoton kawai suka kalla. Wanda ya san yadda ake yin wannan tafiya ba zai yi saurin hukunta ta ba, kuma ba zai sayar da ransa domin ta ba.

Bari mu fara da jakar. Masu irin wannan yawo ba attajirai ba ne. Yawancinsu ɗalibai ne da sababbin ma'aikata waɗanda suka yi watanni suna tari. Ƙananan kamfanonin jiragen sama na Turai suna sayar da tikiti da araha, amma suna karɓar kuɗi a kan kaya, saboda haka matafiyi yakan tsaya a kan abin da bai wuce kilo 10 ba: riguna uku ko huɗu, tawul, takalmi mai ƙarfi, gorar ruwa, cajar waya. Ba otal suke sauka ba. Suna kwana a masaukin matasa, inda mutum shida ko takwas waɗanda ba su san juna ba suke raba ɗaki ɗaya mai gadaje masu hawa biyu, kowa kuma ya wanke kwanon da ya ci abinci a ciki. Wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, shi ya ƙirƙiro wannan tsari kafin Yaƙin Duniya na Farko, domin 'ya'yan talakawa su ma su iya fita su ga ƙasa. Tun asali, hanya ce ta marasa kuɗi da yawa.

Mu ɗauki hanya guda wadda matasa suke yawan bi, daga tsibirin Sisili na Italiya zuwa tsibirin Malta. Abokan nan biyu za su sauka a Palermo, babban birnin Sisili, su nufi kasuwar Ballarò. Bahaushe ba zai ji baƙunta a nan ba, domin 'yan kasuwa suna tallar kayansu da ƙarfin murya, hayaƙin gashi kuma ya cika lungu. Akwai arancina, dunƙulen shinkafa da aka cusa wa nama a ciki aka soya. Akwai panelle, wanda ake yi da garin wani irin wake, a soya a saka cikin burodi, ɗan'uwan ƙosai da burodinmu. Akwai kuma burodi da soyayyiyar saifa da huhun maraƙi, abincin da mutanen Palermo suke alfahari da shi. Wanda ya saba da kayan ciki a wurin mai tsire ba zai ja baya ba. Duk wannan abincin titi ne, ana biyan Yuro kaɗan a ci a ƙoshi.

Daga nan sai su hau mota zuwa yamma, wajen Trapani da San Vito Lo Capo. Nan ne akwai farin rairayi a gindin wani babban dutse, nan ne kuma ake cin kuskus da romon kifi. Kuskus a Italiya? Ƙwarai kuwa. Larabawa daga Arewacin Afirka sun kama Palermo a shekara ta 831, sun riƙe ta har 1072, Tunisiya kuma tana tsallaken ruwa kaɗan. Har yau garin San Vito yana yin bikin kuskus a kowane watan Satumba, masu girki daga ƙasashe dabam-dabam suna zuwa gasa. Matashin da ya ci wannan kwano ya koyi abin da aji bai koya masa ba, wato tekun nan ya daɗe yana haɗa Afirka da Turai. Da gaskiyar masu iya magana da suka ce tafiya mabuɗin ilimi.

Rairayin ma yana da nasa tsari. A Italiya akwai sashen da 'yan kasuwa suke jera lema da kujeru suna bayarwa haya, akwai kuma sashen da yake na kowa, kyauta. Masu jakar goyo can suke shimfiɗa tawul ɗinsu, da burodi da tumatir da cuku da suka sayo a kasuwa. Rana kuwa ba wasa. A watan Agusta na 2021 an auna zafi digiri 48.8 a kusa da Sirakusa, mafi tsanani da aka taɓa tabbatarwa a nahiyar Turai. Shi ya sa masu wayo suke zuwa a watan Mayu ko ƙarshen Satumba, lokacin da zafi da farashi suka sauka.

To, mene ne riba a cikin wannan duka? A ganinmu, babbar riba ita ce abokin tafiyar. Manya sun ce ba ka san halin mutum ba sai ka yi tafiya da shi. Kwana goma sha huɗu kuna ci daga asusu ɗaya. Ɗaya yana son tashi da asuba, ɗaya yana son barci. Mota ta wuce ta bar ku saboda ɗaya ya makara. Kuɗi ya kusa ƙarewa, sai an raba burodi guda biyu. A nan ake gane mai haƙuri da mai son kai, a nan ake koyon cewa "yi haƙuri, laifina ne" kafin a kwanta. Yawancinmu muna da abokai ɗaruruwa a waya, amma da wuya mu nuna mutum guda da muka taɓa zama da shi awa biyu ba tare da ɗayanmu ya zaro waya ba. Mutanen yankin nan sun riƙe wani abu da yake neman kuɓuce mana. Sa'ad da hukumar UNESCO ta sa tsarin abincin Bahar Rum cikin al'adun gado na duniya a 2010, ba man zaitun da kifi da ganyaye kaɗai ta duba ba. Ta haɗa har da al'adar zama a ci tare da karɓar baƙo.

Masu suka suna da hujja, bai kamata mu share ta ba. Gaskiya ne a bakin tekun Turai mutane suna yawo kusan tsirara, giya kuma tana kan kusan kowane tebur. Akwai unguwanni irin su Paceville a Malta waɗanda ba su da sana'a sai shagalin dare. Wasu ɗakunan masaukin matasa suna haɗa maza da mata. Amma masaukai da yawa suna da ɗakin mata zalla ga mai so, kuma ba wanda yake jan mutum zuwa gidan rawa da igiya. Jarabar da take can tana nan a garuruwanmu, tana ma cikin aljihunmu. Abin da ya bambanta shi ne, a can babu idon iyaye ko na dattawan ikilisiya. Shi ya sa zaɓen abokin tafiya ya fi zaɓen gari muhimmanci. Ka tafi da wanda zai iya ce maka "ɗan'uwa, mu koma masauki," kai kuma ka ji maganarsa.

Hujja ta biyu ita ce kuɗi. A nan muna tare da masu suka har rabin hanya. Wanda ya ci bashi, ko ya taɓa kuɗin makarantar ƙannensa, ko ya bar mahaifiyarsa ba magani domin ya ɗauki hoto a bakin teku, bai huta ba, nauyi ya ƙara wa kansa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Amma wanda ya yi aiki, ya sauke hakkin da yake kansa, ya yi tari da guminsa, ba shi da abin kunya idan ya zauna da abokinsa ya ci kifi yana kallon faɗuwar rana. Jiki ba ƙarfe ba ne, ko ƙarfe ma ana barinsa ya huce.

Daga kudancin Sisili, a tashar Pozzallo, jirgin ruwa yana kai mutum Malta cikin ƙasa da awa biyu. A can abokanmu za su ci pastizzi, ƙaramin gasasshen fulawa mai cuku ko markaɗaɗɗen wake a ciki, su kuma ji wani abin mamaki. Harshen Malta daga Larabci ya samo asali, kuma masu bi na can suna kiran Mahalicci da sunan Alla, kusan yadda muke kiransa. Wannan tsibiri shi ne Malita na Ayyukan Manzanni sura 27 da 28. A nan jirgin da ya ɗauko Manzo Bulus ya farfashe bayan kwana goma sha huɗu a cikin hadari, da mutum 276 a ciki, ba wanda ya mutu. Kafin su kai gaci sai da suka zubar da kayan jirgin har da alkama a teku. Bulus bai yi tafiyar shi kaɗai ba, Luka da Aristarkus suna tare da shi. Mutanen tsibirin ba su san su ba, amma suka hura musu wuta saboda ruwan sama da sanyi, suka riƙe su wata uku. Har yanzu ranar 10 ga Fabrairu ranar hutu ce a Malta domin tunawa da wannan, akwai kuma wani mashigin teku da ake kira da sunan Bulus, inda masu hutu suke iyo a yau. Wanda ya tsaya a wurin da jakarsa a baya zai tuna cewa tekun da yake wasa a ciki yana da wata fuska dabam.

Wannan fuskar ce muke so mai ƙyashi ya duba da kyau. Kudu da Sisili akwai ƙaramin tsibirin Lampedusa, wanda ya fi kusa da Tunisiya a kan sauran Italiya. Yana da wani bakin teku da ake kira Rairayin Zomaye, wanda shafin TripAdvisor ya zaɓa a matsayin mafi kyau a duniya a 2013. A cikin wannan shekarar, ranar 3 ga Oktoba, wani jirgi da ya taso daga Libiya cike da 'yan ci-rani ya kama wuta ya nutse a kusa da wurin. Mutum 368 suka mutu, yawancinsu 'yan Eritiriya, suna hangen gaci da idonsu. Daga 2014 zuwa yau, Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta lissafa fiye da mutum 25,000 da suka mutu ko suka ɓace a wannan teku. Da yawa daga cikin waɗanda suke hawa waɗannan jirage ta ƙasarmu suka bi, daga Kano zuwa Agadez, su ratsa hamada zuwa Libiya. Hoton hutu ba ya nuna gidajen da ake tsare mutane a Libiya ana kiran iyayensu a waya su aiko da kuɗi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Bambancin abokan nan biyu da waɗancan bayin Allah shi ne, su suna da takarda da tikitin komawa gida. Mai fasfo na Najeriya ko Nijar da yake son irin wannan hutu sai ya nemi bizar Schengen, wadda take aiki a Italiya da Malta da Girka. Tana ba da izinin zama har kwana 90 a cikin kwana 180. Kuɗin nema ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, ana kuma buƙatar inshorar lafiya da za ta iya biyan Yuro 30,000, da shaidar masauki da ta kuɗin aljihu. Ana hana mutane da yawa, kuma ba a mayar da kuɗin. Abin yana da ciwo, kuma muna da 'yancin mu ce ba a yi adalci ba, tun da ɗan Turai yana ɗaukar jaka ya wuce, ɗan Afirka kuwa sai ya bi layi. Amma idan an rufe ƙofa, kwale-kwalen roba ba taga ba ne. Tsalle ɗaya yakan jefa mutum rijiya, tsalle dubu ba zai fitar da shi ba.

Saboda haka ga shawararmu. Idan ɗan'uwa ko 'yar'uwa ta aiko da hotonta daga bakin Bahar Rum, mu taya ta murna da zuciya ɗaya, mu tambaye ta abin da ta ci da abin da ta koya. Idan Allah ya buɗe maka hanyar zuwa, ka tafi ta ƙofa, da aboki nagari, da jaka marar nauyi, ka yi godiya kafin ka sa loma, ka ajiye waya ka kalli ruwan da idonka. Idan kuwa hanyar ba ta buɗe ba tukuna, ba a hana ka ainihin abin ba. Ka nemi aboki guda, ku yi tari, ku shiga mota zuwa wani gari da ba ku taɓa zuwa ba, ku ci abincin mutanen wurin, ku kwana biyu ku dawo. Idan kuma ka san wani a cikinmu da ya fara maganar "bin hanya," kada ka yi shiru. Ka je gidansa a wannan mako, zumunta a ƙafa take.

Ubangiji ya ba mu abokan tafiya na ƙwarai, ya kiyaye fitarmu da komowarmu, ya kuma ta'azantar da iyalan da har yanzu suke jiran labarin 'ya'yansu daga wancan teku. Amin.