NA'URA MAI ƘWAƘWALWA DA MAKOMAR MA'AIKACI

Tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da wani kamfanin Amurka ya fito da ChatGPT, na'urar da ke iya tsara wasiƙa, ta yi fassara, ta kuma amsa tambaya kamar mutum, hankalin ma'aikatan ofis ya tashi a ko'ina cikin duniya. Abin da kowa ke so ya sani shi ne ko injin zai raba shi da abincinsa. Shehunan malamai na jami'o'i sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari, kuma abin da suka gano ya isa a tsaya a yi tunani a kansa.

Cikin waɗanda suka kaɗa ƙararrawa akwai Carl Frey da Michael Osborne na Jami'ar Oksfod a Ingila. Cikin 2013 suka auna sana'o'i 702, suka ce kashi 47 cikin 100 na ayyukan Amurka suna cikin haɗarin komawa hannun na'ura. Yau fiye da shekara goma ke nan, ba a ga rabin Amurkawa suna zaman kashe wando ba. Dalili kuwa shi ne, aikin mutum guda ya ƙunshi ɗawainiya iri-iri, na'ura takan ɗauki wasu ta bar wasu.

James Bessen na Jami'ar Boston ya kawo misali da bankuna. Da aka baza injin biyan kuɗi a Amurka, an zaci kashiya ya tashi daga aiki. Lalle daga 1988 zuwa 2004 yawan masu biyan kuɗi a kowane reshe na birni ya ragu daga 20 zuwa 13, amma da buɗe reshe ya yi araha sai bankuna suka ƙara rassa, jimillar ma'aikatan ba ta faɗi ba a wancan zamani. Shi kuwa David Autor na Jami'ar MIT ya nuna cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na ma'aikatan Amurka a 2018 suna yin ayyukan da ba a san sunansu ba a 1940. Ko a Nijeriya an shaida haka, domin mai buga tafireta ya ɓace daga sakatariya, ga kuma dubban matasa suna cin abinci da na'urar POS.

To, amma kada wannan ya sa kowa ya miƙe ƙafa. Daron Acemoglu da Simon Johnson, waɗanda suka sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 2024 tare da James Robinson, sun yi gargaɗi cewa amfanin sabuwar fasaha ba ya isa ga talaka da kansa. Lokacin da injin saƙa ya bazu a Ingila, masu masaƙu sun kuɗance, masaƙan hannu kuwa sun shekara da shekaru cikin tsiya kafin dokokin ƙwadago da ƙungiyoyin ma'aikata su kawo sauƙi. Sabon aiki yakan zo, amma ba dole ba ne ya faɗa hannun wanda ya rasa tsohon.

Wani bincike da Erik Brynjolfsson na Jami'ar Stanford da abokansa suka yi a 2023 a kan ma'aikata fiye da 5,000 masu amsa koke-koken abokan ciniki ya nuna inda mafita take. Da aka haɗa su da sabuwar na'ura, aikinsu ya ƙaru da kashi 14 cikin 100, na sababbin shiga kuwa da kashi 34. Ashe ma'aikacin da aka koya wa na'ura ƙarfi yake ƙarawa. Wanda aka bari cikin duhu shi ne abin tausayi.

Saboda haka nauyi na farko yana wuyan hukuma. Ba daidai ba ne ma'aikata ta ba da kwangilar kwamfutoci, a jera su a ofis ƙura tana cinye su, alhali akawun da zai yi aiki da su bai taɓa zuwa kwas ba. Ya kamata duk kuɗin da aka ware don sayen na'ura a ware wani kusa da shi don horar da ma'aikata, musamman ƙanana, a kuma tabbatar da wutar lantarki. Haka nan tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ga shi har yanzu akwai makarantun ƙauye da yaro zai gama bai taɓa aiki da ita ba. Wannan zalunci ne ga 'ya'yan talakawa.

Ɗalibai kuma su sani takardar shaida kaɗai ba ta wadatarwa. Na'ura ta ƙware wajen kwafi da lissafi, amma tana shara ƙarya ba kunya, sai mai ilmi mai zurfi ke iya kama ta. Wanda ya sa ta rubuta masa aikin makaranta kansa ya cuta. Ma'aikacin da ya daɗe a kujera shi ma kada ya ji kunyar koyo wurin na ƙasa da shi, gama Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.