Ko fasahar MBR za ta iya tsabtace ruwan majemun Kano?

Shekaru da dama ke nan masana'antun jima na Challawa da Sharada da Bompai suna sako gurɓataccen ruwa zuwa kogunan Challawa da Jakara, inda manoman rani ke ban ruwan latas da kabeji da tumatir da ake kaiwa kasuwannin birnin Kano.

Daga cikin dabarun zamani na tace irin wannan ruwa akwai wadda ake kira MBR a taƙaice. Ana tara ruwan ne a cikin tanki, a hura masa iska domin ƙwayoyin bakteriya su cinye dattin da ke ruɓewa, sannan a zuƙo shi ta cikin wani tantani na roba mai ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Tantanin kan tare laka da akasarin ƙwayoyin cuta.

An fara amfani da dabarar a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, amma ba ta bazu ba sai bayan 1989, lokacin da masu bincike a Japan suka nuna cewa za a iya nutsa tantanin a cikin tankin kansa, abin da ya rage tsadarta ƙwarai. Kuma ba ta cin fili kamar manyan tafkunan da aka saba da su.

To sai dai ruwan jima ya bambanta da ruwan kwatar gidaje. Yana ɗauke da sinadarin kuromiyam da gishiri mai yawa. Kuromiyam kan raunana bakteriyar da aikin ya dogara a kansu, don haka tilas kowace majema ta fara cire shi kafin ta saki ruwanta. Shi kuwa gishiri, wucewa yake yi ta tantanin ba tare da ya ragu ba, ga shi yana lalata ƙasar noma.

Babbar matsalar ita ce wutar lantarki. Injinan hura iska ba sa hutawa dare da rana. Idan suka daɗe a tsaye, bakteriyar kan mutu, tantanin ya toshe, kuma daga ƙasashen waje ake sayo sabo. A Kano, hakan na nufin janareta da dizal a kullum.

Tun 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin dokokin muhalli a Najeriya. Muddin sakin ruwan a kwata ya fi tace shi araha ga mai masana'anta, da wuya ya ɗauki nauyin kuɗin dizal ɗin da kansa.