Katin da babu kuɗin ruwa: kafin ka kai bashin banki kansa, yi lissafi

A cikin 'yan uwanmu da suka bar Nima, Mamobi da Aboabo suka tafi neman abinci Landan ko Manchester, akwai da yawa da albashinsu ba ya kwana a asusu. Kuɗi na shiga, banki ya kwashe, domin tun watan da ya wuce mutum yana cin bashin nan da ake kira obadiraf, wato bankin ya bar ka ka ci gaba da cire kuɗi bayan naka sun ƙare. Yanzu shawarar da ke yawo tsakaninsu ita ce a nemi katin bashi wanda babu kuɗin ruwa a kansa na wasu watanni, a biya bankin da shi, a huta. Ra'ayinmu shi ne dabarar tana iya ceton mutum, amma sai wanda ya riga ya san ranar da zai gama biya. Wanda bai sani ba, bashi biyu zai haɗa wa kansa.

Mu fara da dalilin da ya sa maganar ta taso. A watan Afrilun 2020 hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya, FCA, ta hana bankuna cajin kuɗin kullum-kullum a kan obadiraf, ta ce su sa kaso ɗaya na ruwa wanda kowa zai gane. Sai manyan bankunan suka tsaya kusan wuri ɗaya, wajen kashi 40 cikin ɗari a shekara. Wannan ya fi ruwan katin bashi na yau da kullum tsada. Wanda ya zauna cikin bashin fam 2,000 shekara guda, kusan fam 800 zai biya na ruwa kaɗai, uwar kuɗin tana nan daram. Kuma banki na da ikon rage obadiraf ko ya nemi kuɗinsa a lokacin da ya ga dama.

To, yaya katin yake aiki? Nan ne mutane ke ruɗewa. Katin da aka fi tallatawa, mai suna balans tiransifa, bashin wani kati kawai yake ɗauka, ba ya taɓa bashin asusu. Wanda ke biyan obadiraf shi ne mani tiransifa: kamfanin katin ya tura maka kuɗi cikin asusunka, ramin ya cike, bashin ya koma kan kati. Ana cire ladan turawa sau ɗaya, galibi kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, sannan a ba ka wa'adi, misali shekara ɗaya, babu ruwa. A kan fam 2,000, kashi 4 fam 80 ke nan. Ko yaro ya san bambancin 80 da 800.

Amma fa kamfanin ba sadaka yake yi ba. Ya san mutane da yawa ba za su gama biya cikin wa'adin ba. Raba fam 2,080 gida 12, sai ka ga kowane wata kana bukatar wajen fam 174. Takardar da za su aiko maka kuwa, mafi ƙarancin biya za ta nuna, wanda zai iya zama fam ashirin da 'yan kai. In ka bi wannan, shekara za ta cika da sauran fiye da fam 1,800 a wuyanka, ruwa kuma ya hau, sau da yawa sama da kashi 20 cikin ɗari. In ka makara da biya ko sau ɗaya ne, suna iya soke rangwamen. In ka ciri kuɗi a na'ura da katin, ruwa na farawa daga ranar, kuma kamfanoni da yawa haka suke lissafa kuɗin da aka aika gida da katin bashi. Babban haɗarin ma shi ne asusun ya dawo fes, obadiraf ɗin yana nan a buɗe, wata uku sai ka tarar an sake faɗawa.

Saboda haka wanda zai yi, ya yi da sharuɗɗa. Ya fara duba cancantarsa ta hanyar da ba ta barin tabo a tarihin bashinsa, domin neman kati barkatai na ɓata suna a wajen masu ba da rance. Ya tura kuɗin cikin kwanakin farko da aka ƙayyade, yawanci 60 ko 90. Ranar da kuɗin suka shiga ya ce banki ya rage masa obadiraf ko ya rufe. Ya sa biyan wata-wata ya riƙa fita da kansa washegarin albashi, kuma cikakken kason da zai kashe bashin, ba ɗan ƙaramin ba. Katin kuma ya ajiye shi a gida, kada ya sayi ko burodi da shi. Wanda lissafi ya nuna masa ba zai iya ba, to ya nufi StepChange ko Citizens Advice, shawararsu kyauta ce. Tun 2021 akwai tsari a Ingila da Wales da ke dakatar da ruwa da matsin masu bin bashi na kwana 60, ta hannun irin waɗannan masu ba da shawara ake shiga.

Sai maganar da ba za mu tsallake ba, wato hukuncin addini. Don an rubuta babu ruwa a talla, wannan bai wanke yarjejeniyar ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta ce bai halatta a yi mu'amala da katin bashi mai sharaɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwan ya hau. Ladan turawa da ke ƙaruwa gwargwadon yawan kuɗi shi ma abin dubawa ne. Wasu malamai da ke zaune a Turai sun sassauta ga mai larura wanda ya tabbata zai biya a kan lokaci. Mu a ganinmu, akwai bambanci tsakanin wanda yake lafiya lau ya je ya karɓi kati don ya sayi mota, da wanda riba ke cin sa kowace rana yana neman hanyar fita mafi kusa. Amma wannan ba fatawa ba ce. A ɗauki takardar yarjejeniyar a kai wa malamin da ya san fiƙihu ya kuma san yadda banki ke aiki, a karanta masa duka, kada a ɓoye komai.

Mu da muke gida ma da namu laifin. Ragon layya, sadakar bakwai da ta arba'in, kayan aure, kuɗin makaranta, duk waya ake bugawa Landan. Ɗan uwa ba ya son a ce ya gaza, sai ya ci bashi ya aiko, mu yi ta sa albarka ba mu san da ruwan kashi 40 aka sayi ragon ba. Kafin ka ce "a aiko", tambaye shi yadda watan ya zo masa. In ya ce babu hali, a yarda, kada a yi masa gori a zaure.

Kada kuma mu ɗauka matsalar ta Turai ce kawai. Nan Ghana, nawa ne ke karɓar rancen waya na kwana 30 don su biya wani rancen wayar? Babban Bankin Ghana ya sha gargaɗi a kan manhajojin rance marasa lasisi, masu kiran dangin mutum suna ci masa mutunci. Sauya wa bashi ɗaki ba biya ba ne, ko da sidi ne ko da fam.

Al'ummarmu tana da kayan aikin da suka riga katin zuwa. Mai bashi yana cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su. Alƙur'ani ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ya kuma ce a rubuta bashi. Adashi muna yin sa tun kaka da kakanni. Ƙungiyoyin 'yan Zango a Ingila suna iya tara dubban fam cikin mako guda idan an yi rasuwa. Me zai hana su ware asusun rance ba ruwa, a rubuce, da shaidu, da wa'adi? Fam 2,000 a tsakanin mutum ashirin, fam ɗari-ɗari ne. Sarakunan Zango, limamai da shugabannin ƙungiyoyi su sa wannan a taronsu na gaba. Allah ya yaye wa masu bashi, ya ba mu wadatar zuci.