Fayil Ɗin Ma'aikaci da Wa'adin Shekara Uku: Duba ga Arewacin Zamfara

Sashe na 75 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata ya adana bayanan albashinsu da sharuɗɗan aikinsu: suna, garin asali, ranar haihuwa, magaji, ranar kama aiki da ranar barinsa. Ya kuma ƙayyade cewa a riƙe waɗannan bayanai tsawon shekara uku. Ga mai gidan burodi ko mai gidan mai a Ƙauran Namoda, wannan wa'adi ya wadatar, domin manufarsa ita ce jami'in ƙwadago ya sami abin dubawa idan gardama ta tashi. Amma ma'aikacin gwamnati yana yin shekara 35 a bakin aiki, ko ya kai shekara 60 da haihuwa, sannan fansho ya biyo baya har ƙarshen rayuwarsa. Haƙƙin da Sashe na 210 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare ba shi da wani tushe face takardun da aka fara tarawa tun ranar da mutum ya kama aiki. Bugu da ƙari, ma'anar kalmar ma'aikaci a Dokar Ƙwadago ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da ƙwararru ba. Don haka ofishin da ya jingina da shekara uku ya jingina da bangon da ba don shi aka gina ba.

A arewacin Zamfara lamarin ya fi tsauri, saboda tarihin mulkin yankin ya yi ta sauya wa fayil gida. Daga Jihar Arewa maso Yamma aka sami Jihar Sakkwato a 1976, shekarar da ƙananan hukumomi suka gaji En'e. A ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka fitar da Zamfara daga Sakkwato. Zurmi daga Ƙauran Namoda aka cire ta, Shinkafi kuwa tana tare da Isa ne a da, ita Isa kuma ta rage a Jihar Sakkwato. A ɗauki misalin duba-gari da ya kama aiki a Shinkafi a 1989, wanda ritayarsa ta zo a 2024. Takardarsa ta farko ta fito daga hukumar da yanzu take wata jiha. Idan yana ƙasa da mataki na 07, al'amarinsa a sakatariyar ƙaramar hukuma yake. Da ya haura, ya koma hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi. Kowane sauyi daga cikin waɗannan ƙofa ce da takarda ke iya faɗuwa a bakinta. Ba a ma zo batun gara da yoyon rufi ba, waɗanda ba sa tambayar matakin albashin mai fayil.

Sakamakon yana fitowa a lokacin tantancewa. Da gwamnatin jihar ta fara biyan bashin garatuti da ya taru tun daga 2011, sai da aka tantance masu haƙƙi tukuna. A farkon 2025 kuma ta sanar da gano ma'aikatan bogi 2,363, da yara ƙanana 220 da ke karɓar albashi. An fi karanta wannan labari ta fuskar almundahana, kuma ba laifi. Sai dai yana da fuska ta biyu: rajistar da ta kasa hana sunan bogi shiga, ita ce dai za ta kasa tabbatar da sunan mai gaskiya. Wanda ya ƙirƙiri ma'aikacin bogi yakan zo da takardu cikakku, sababbi fil. Masinja ko mai gadin da ya yi aikin da gaske shi ne yakan zo da guntuwar takarda da ta sha ninki a aljihu, ko ya zo hannu rabbana.

A nan ne ya kamata a sauya al'ada. Idan fayil ya ɓata a hannun hukuma, bai dace a ɗora wa tsoho nauyin kawo hujja ba. Hukuma aka damƙa wa ajiya, ita ce kuma ya kamata ta sake gina tarihin aikin daga takardun biyan albashi, bayanan banki da jerin sunayen ƙarin girma. A halin da hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura da ta Zurmi suke ciki saboda 'yan bindiga, cewa ɗan fansho ya je Gusau ya dawo da wata takarda ba ƙaramin umarni ba ne. Yana iya zama tafiyar da za a biya da rai, ko da kuɗin fansa da ya zarce garatutin kansa.

Wasu za su ce to, a adana komai har abada a huta. Wannan ma kuskure ne. Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu. Takardar asibiti da ta bayyana cutar da ma'aikaciya ta yi fama da ita shekara ashirin da suka wuce, ko takardar tuhumar da aka riga aka wanke mai ita, ba su da amfani a ɗakin da kowa ke shiga, a garin da kowa ya san kowa. Abin da ake buƙata shi ne rubutaccen jadawali da ya rarrabe takardu. Takardar kama aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma, ta canjin wurin aiki, shaidar haihuwa da sunan magaji su zauna har a sallami magada. Takardun hutu da makamantansu a ƙone su bayan wa'adi, a gaban shaidu, a rubuta abin da aka ƙone. Waɗanda ke da darajar tarihi kuma, Dokar Adana Kayan Tarihi ta 1992 ta tanadi hanyarsu.

Mayar da bayanai cikin kwamfuta zai taimaka, amma kada a manta da watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara. Rumbun da sai da intanet ake buɗe shi, a irin wannan rana rufaffe ne. Mafi aminci shi ne kwafi uku: ɗaya a sakatariya, ɗaya a Gusau, ɗaya a hannun ma'aikacin da hatimin hukuma a kai, ana sabunta shi duk lokacin da aka yi masa ƙarin girma. Kuɗin wannan bai wuce na takarda da tawada da na'urar ɗaukar hoton takardu ba, kuma kowace daga cikin ƙananan hukumomin uku tana iya fara shi da ma'aikatan da ritayarsu ta rage shekara biyar.