Dokar masu gida, tarar masu tafiya

Maganarmu ta wannan karo a kan raƙumin dawa take, ko kuwa mu ce a kan waɗanda kan zauna gindin itace su yanke yadda za a zauna da shi, ba tare da an aiko mana ko da goron gayya ba.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Yamai zuwa Doso ya san garin Kure, kilomita wajen 60 daga babban birni. A wannan yanki ne raƙuman dawan Afirka ta Yamma suka yi saura. Da can ana ganinsu tun daga Senegal har bakin tafkin Cadi, amma farauta da fari da saran daji suka cinye su, har ya zamana a shekara ta 1996 da aka ƙidaya guda 49 kaɗai aka samu. Zuwa 2018 sun haura 600. To ba cikin shingen waya suka yi wannan yawa ba. Da damana suna kan tudun Kure da Fakara cikin geza da sabara, da rani su gangara Dallol Boso su bi gawo, watau dai tafiyar da garkunanmu suke yi ita suke yi. Yaronmu mai bin shanu yakan kwana da su a fili guda. Saniya tana cin ƙasa, raƙumin dawa yana cin sama, ba mai shiga akushin wani.

Mun yi murna da wannan ƙaruwa, kuma muna da hannu a cikinta, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Abin da ya dame mu shi ne wurin da ake yanke doka.

Tun da aka shigo zamanin kwamitoci, kowane ƙauye ya sami nasa: kwamitin rijiya, kwamitin kasuwar itace wadda dokar 1992 ta kawo, kwamitin tsaron daji, da kwamitin filaye da ake kira Kofo. A nan ake cewa ga inda ba za a yi kiwo ba bana, ga itacen da ba za a sassabe ba, ga tabkin da za a bar wa namun daji, ga tarar wanda ya ƙetare. Wa ke zama? Mai gida da gona. Shi ne "ɗan gari". Makiyayin da kakansa ya haƙa rijiya a wurin, wanda yake zuwa wata huɗu kowace shekara tun kafin a kafa wasu ƙauyukan, sunansa baƙo.

Wannan ciwo ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. A Amurka akwai unguwanni da masu gidaje kan kafa ƙungiya, su zaɓi kwamiti, su riƙa biyan kuɗin wata, kwamitin kuwa ya tsara musu dokoki tun daga launin fentin gida har zuwa hana ba namun daji abinci da yadda za a rufe shara don kada ta jawo su. Mutum fiye da miliyan 70 ke zaune ƙarƙashin irin wannan tsari. Amma a galibinsu ƙuri'a takardar gida take bi: ɗan haya doka tana hawa kansa, bakinsa ba ya cikinta. Mu a dajin da aka haife mu matsayin ɗan hayan nan aka ba mu, alhali kuwa ba mu karɓi aron dajin daga hannun kowa ba.

Abin takaici, a kan takarda dokar Nijar ba ta ce haka ba. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya san da mu. Dokar 1997 ta san mazaunin asali na makiyayi, inda yake da fifikon amfani ko da ba ya nan shekara duka. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ce tafiya da bisashe haƙƙi ne na asali, ba alfarma ba. A cikin Kofo na ƙauye an ware kujerar makiyaya, har da ta mai tafiya kiwo. Sai dai ku je ku duba wanda ke kan kujerar. Sau da yawa manomi ne mai awaki goma a turke, surukin maigari ko maƙwabcinsa, mutumin kirki ƙwarai, amma bai taɓa kwana kan burtali ba. Taro kuma a kira shi tsakiyar damana, lokacin da muke arewa wajen gishiri, a rubuta abin da aka yanke da Faransanci, a kulle cikin akwatin sakatare. Ranar da makiyayi zai fara jin dokar ita ce ranar da aka tare masa shanu aka ce ya karya ta.

Ga wani abu da muka sha gani wurin zaman sulhu. Raƙumin dawa yana son wake kamar me, kuma tsawonsa kan haura mita 5, saboda haka harawar da manomi ya ɗora kan itace don ta tsere wa saniya, shi a daidai bakinsa take. Yakan shigo da dare ya ci ya wuce. Gari ya waye, mai gona ya ga ɓarna, zuciya ta ɓaci. Ba ya iya kai ƙarar raƙumin dawa, don doka ta tsare shi, taɓa shi ma ɗauri ne. To wa ya rage? Rugar da ke kusa. Ko yaro ya san sawun raƙumin dawa ya fi na bajimi girma nesa ba kusa ba, amma in ba namu a cikin masu zuwa duba ɓarna, wa zai sunkuya ya auna sawu? Ba mu ce manomi ba shi da gaskiya a kukansa ba. Shi ma an bar shi da haƙuri, ba mai biyansa waken da aka cinye. Amma bashin naman daji bai kamata ya koma wuyan saniya ba.

Laifi tudu ne, in ji masu magana, don haka bari mu taka namu mu faɗa. A cikinmu akwai masu hawa gawo su sare shi har kai, maimakon su rage rassa su bar masa abin tohowa, kuma wannan gawon shi ne abincin raƙumin dawa da namu bisashe a watannin wuya. Akwai masu sakin shanu da dare kusa da gonaki. Mafi muni, akwai masu barbaɗa guba a mushe don kura ko dila ta kashe musu tunkiya, a wayi gari ungulaye sun zube. Ungulun nan su ne ke share mushe kafin cuta ta bazu a makiyaya, kuma duk dattijon da ke cikinmu ya san sun ragu ƙwarai. Wanda ya yi wannan kanmu ya cuta. In muna son a ji mu a kwamiti, sai arɗo da garso su fara hukunta irin waɗannan a cikin gida. Mun kuma lura dokar da mutum ya zauna aka yi da shi, kunyar karya ta yake ji; wadda aka jefo masa daga sama kuwa dabarar kauce mata yake nema.

Masu kula da namun daji ma su sani wannan magana ta shafe su. A ran 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a yankin Kure, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, daga nan baƙi masu zuwa kallo suka ɗauke ƙafa, ɗan kuɗin da suke kawowa ya tafi da su. Abin da ya rage wa raƙumin dawa shi ne haƙurin maƙwabtansa. Mun ga abin da kan faru in haƙurin ya ƙare: a Ayoru, bakin kogin Kwara, a shekara ta 2017 an kashe dorina fiye da 20 cikin 'yan watanni, bayan mutane sun daɗe suna kukan ɓarnar gonaki da kashe bisashe.

Yanzu kuma maganar ta iso jahar Maraɗi. A ƙarshen 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su a mota zuwa gandun Gadabeji a arewacin Dakwaro, inda suka ɓace kusan shekara 50 da suka wuce. Gandun an keɓe shi tun 1955, hekta 76,000, amma a 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wani babban yanki da ya haura hekta miliyan 1 da dubu 400, wanda mafi yawansa makiyaya ce ta Fulani da Buzaye da Hausawa. Raƙumin dawa bai san iyakar gandu ba, zai fita, zai haihu, kuma dokoki za su biyo sawunsa har bakin rijiyoyinmu. Tun ran gini ran zane.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba. Kujerar makiyaya mu za mu zaɓi mai zama kanta, kuma mai garke ne da ke tafiya, ba wanda aka naɗa mana ba. Taron da zai taɓa makiyaya ko mashaya a yi shi bayan sakin gonaki, lokacin da muka dawo. Duk abin da aka yanke a yi shelarsa da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Buzanci ran kasuwa, a Balayara ko Sakabal ko duk inda bisashe ke haɗuwa. A nan ne ku fatake da dillalai kuke da aiki, don labarin da ya shiga bakinku da hantsi kafin magariba ya kai ruga goma, kuma ku ma igiyar kwamiti tana tare ku in kun koro shanu. Tara kuwa, kowa ya biya ya karɓi takarda mai hatimi, ko da ta jika guda ce, ya adana ta cikin jakarsa tare da katin allurar shanu. Wanda aka hana wa takarda ya riƙe sunan ƙauyen da ranar, ya kawo mana a taro mai zuwa.