Labarin Kifi Mai Bakin Kada

A wannan wata filin namu zai ƙetare teku zuwa kudancin Amurka, domin mu kawo muku labarin wani kifi da mutanen can suka yi shekaru suna kashewa, yanzu kuma suke lallaɓa shi kamar ƙwai.

Amurkawa suna kiransa aligeta gar, saboda bakinsa dogo ne mai faɗi irin na kada, ga haƙora layi biyu a muƙamuƙin sama. Yana zaune a kogin Misisipi da rassansa, da kogunan jihohin Teksas da Luwiziyana, har zuwa arewa maso gabashin Meziko. Ɓawon jikinsa yana da tauri ƙwarai, har mutanen ƙasar na asali sukan yi kan kibiya da shi. Kamar gaiwar da muka sani, shi ma yakan leƙo sama ya shaƙi iska, don haka yana rayuwa a ruwan da wasu kifaye ba za su jure ba. Ana cin namansa, amma ƙwansa dafi ne ga ɗan Adam.

Wajen girma kuwa sai a ce masha Allah. A shekarar 2011 wani masunci ya kama guda cikin raga a tafkin Chotard na jihar Misisipi, nauyinsa kilo 148, tsawonsa ya haura mita 2 da rabi, masana kuma suka ƙiyasta shekarunsa sun wuce 90. A 2023 aka kama wani da ƙugiya a tafkin Sam Rayburn na Teksas mai kilo 128, aka auna shi, aka mayar da shi ruwa da ransa.

Kama shi sai mai haƙuri. Masu fatsa sukan soka yankan kifi a ƙugiya, su haɗa ta da waya don kada haƙora su tsinke igiya, su jefa su zauna jira. Da yake bakinsa ƙashi ne, ƙugiya ba ta kama shi da wuri, sai an bar shi ya yi tafiya da abincin tukuna sannan a fizga. Wasu kuma da baka da kibiya suke harbinsa daga jirgi, wanda aka harba kuwa ba ya komawa ruwa da rai.

To, da can ba a ɗauke shi a bakin komai ba. An yi ta zarginsa da cinye kifayen da mutane suke so, har ma da kai wa mutane hari, alhali ba a taɓa tabbatar da ya far wa kowa ba. A shekarun 1930 hukumar kifi ta Teksas har jirgi ta ƙera mai sakin lantarki a ruwa don hallaka shi. Ga kuma madatsun ruwa da ganuwar tare ambaliya da aka yi ta ginawa. Kafin a farga ya ɓace daga wasu jihohi. A Ilinoi rabon da a kama shi tun 1966, sai a 2010 aka fara sako ƙanana cikin ruwa don a dawo da shi.

Da masana suka zauna suka bincika, sai suka gano abubuwa uku. Na farko, macen takan kai kusan shekara 10 kafin ta fara ƙwai. Na biyu, sai kogi ya cika ya malale fadama take samun ciyawar da za ta zuba ƙwan, ba kowace shekara ake samun haka ba. Na uku, manya-manyan da kowa yake alfahari da kamawa, yawancinsu mata ne. Ashe duk wanda ya kashe babba guda, uwa ya kashe, kuma maye gurbinta sai an shekara da shekaru.

Saboda haka a 2009 Teksas ta kafa doka, kifi ɗaya rak ga mutum a rana. A 2019 ta ƙara da cewa a wani yanki na kogin Trinity, duk wanda ya wuce santimita 122 a sake shi, sai fa mai takardar izini ta musamman, aka kuma hana harbinsa da dare a wurin.

Mun san wani zai ce, ai su wasa suke yi da kifi, mu kuwa abinci muke nema. Gaskiya ne, kuma ba mu ce masuncin da iyali ke jira a gida ya saki giwan ruwan da Allah Ya ba shi ba. Sai dai ita ma giwan ruwa, manyanta galibi mata ne, kuma yawancin kifayen Binuwai da Lagdo da tafkin Cadi da cikar damina suke hayayyafa a fadama. Wanda ya tare fadama da gidan sauro ya kwashe 'ya'yan kifi, ko ya shiga ruwa a ɓoye lokacin da hukuma ta rufe su, cikin ɗansa ya yi wa sata. Ga shi kuma mu tsiraru ne a ƙasar nan, laifin mutum ɗaya da sunan Hausawa duka ake kiransa.

Don haka muna kira ga sarakunan ruwa da shugabannin unguwanninmu da su tsaya kan batun girman idon raga da kiyaye lokacin rufe su, tun kafin hukuma ta zo da nata hukuncin. Amurka tana da kuɗin da za ta ƙyanƙyashe kifi ta mayar kogi. Mu ba mu da shi, namu shi ne mu riƙe wanda ke hannu.

Allah Ya albarkaci sana'ar masuntanmu, Ya tsare su daga sharrin ruwa. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.